Yadda Ake Rajistar Mutuwa da Binne Musulmi a Amurka Ba Tare da Jinkiri Ba

A Amurka kowace jiha tana da nata dokokin rajistar mutuwa da binne gawa, kuma birnin New York yana da ofishin rajista dabam da na sauran jihar. Dokar inda aka yi rasuwar ce ke iko da takardu, maƙabarta kuwa tana bin dokar inda take da ƙa'idojin kanta. Wannan ya shafi kwamitocin jana'iza na masallatan 'yan Afirka ta Yamma a unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, domin sau da yawa a New York ake rasuwa, a New Jersey ake binnewa. Abin da ke jinkirta sutura yawanci ba wanka ba ne, ba kabari ba ne, sa hannun likita ne.

Mataki na 1: Ku san wanda zai rubuta musabbabin mutuwa

Idan a asibiti aka rasu sakamakon ciwon da aka sani, likitan da ke duba mamacin ne zai cike wannan sashe na takardar shaidar mutuwa. Kalifoniya ta ba shi awa 15, Filorida awa 72, Teksas kwana 5. Kada ku jira wa'adin ya cika. Tun kafin a kai gawa mutuware, ku karɓi sunan likitan da lokacin tashinsa daga aiki, ku shaida wa ma'aikatan asibitin cewa addini ya buƙaci a gaggauta binnewa. Rasuwar ranar Juma'a da dare ta fi ba da wahala, don likita na iya tafiya hutun ƙarshen mako bai sa hannu ba.

Mutuwar fuju'a, ko ta hatsari, ko ta rauni, ko wadda ta faru a gida babu likita, tana komawa hannun likitan gwamnati mai binciken mutuwa. A nan ba a motsa gawa, ba a yi mata wanka sai ya sake ta. Dokar New York ta bai wa iyali damar ƙin yarda da feɗe gawa saboda addini, sai dai idan ana zargin kisa ko akwai barazana ga lafiyar jama'a. A faɗi ƙin amincewar tun a kiran farko, kada a bari sai an fara aiki. Idan mai binciken ya rubuta cewa ana jiran sakamakon gwaji, wannan ba ya hana binnewa.

Mataki na 2: Ku kira mai lasisin jana'iza

A New York da New Jersey da wasu jihohi, dole ne aikin ya bi ta hannun mai lasisi, wato wanda gwamnati ta ba izinin sana'ar shirya jana'iza. Masallaci ba zai shigar da takardu da kansa ba. Ku nemi jerin farashinsa a rubuce. Ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta fara aiki a 1984 ta wajabta masa ba ku, ta kuma hana shi cewa doka ta tilasta zuba wa gawa sinadarin hana ruɓewa in ba haka take ba. Jihohi irin su Teksas da Filorida suna buƙatar a sanyaya gawa ko a zuba mata sinadari idan ta wuce awa 24, to sanyayawa ta wadatar.

Mataki na 3: Ku cike bayanan mamaci da fasfo a gabanku

Ana buƙatar cikakken suna, ranar haihuwa da garin haihuwa, lambar Social Security (lambar shaida ta gwamnatin Amurka) idan akwai, sunan uba, sunan uwa kafin aure, matsayin aure, sana'a da matakin karatu. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Wani ɗan'uwa zai ce Muhammadu, fasfo na ɗauke da Mohammed, banki kuma Muhammad. Wani zai ba da laƙabi, Ɗanjuma ko Babangida, alhali ba shi ne a takarda ba. Harafi ɗaya na iya sa banki ko kamfanin inshora su ƙi takardar, gyaranta kuma sai an haɗa hujjoji an jira makonni. Mutum ɗaya ya riƙa karanto sunan harafi bayan harafi, wani yana dubawa, sannan a sa hannu.

Wa'adin shigar da takardar shaidar mutuwa: awa 72 a New York, kwana 5 a Filorida, kwana 8 a Kalifoniya, kwana 10 a Teksas. Ku nemi kwafi masu hatimi biyar zuwa goma. Kwafin inji ba ya karɓuwa a wurare da yawa.

Mataki na 4: Takardar izinin binnewa

A yawancin jihohi sai an yi rajista take fitowa, kuma maƙabarta ba za ta buɗe kabari ba tare da ita ba. Da ita ake tsallaka iyakar jiha da gawa. Wanda ke da ikon yanke shawara ma doka ce ta jera: a New York, wakilin da mamaci ya naɗa a rubuce ne kan gaba, sai miji ko mata, sai 'ya'ya manya, sai iyaye, sai 'yan'uwan haihuwa. Liman ko shugaban al'umma ba ya cikin sahun farko komai girmansa. Wanda iyalinsa ke Kano ko Kumasi, ya kyautu ya naɗa wakili tun yana raye.

Mataki na 5: Ku tambayi maƙabarta, ba doka kaɗai ba

Akwati da rufin kankare galibi sharaɗin maƙabarta ne don kada ƙasa ta lotsa. Sassan Musulmi da dama suna karɓar kankare marar gindi, ta yadda gawa cikin likkafani za ta kwanta a kan ƙasa tana fuskantar alƙibla. Ku tambayi ƙarfe nawa suke daina karɓar gawa, da ƙarin kuɗin Asabar da Lahadi.

Masu son kai gawa gida su sani cewa jiragen sama da ofisoshin jakadanci kan buƙaci a zuba sinadari, a rufe akwati ruf, tare da takardar da ke nuna ba cuta mai yaɗuwa ba ce. Aikin yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa malamai da yawa suka fi son a binne mutum inda ya rasu.

Idan ta kama a tono gawa

Wannan ya fi binnewa wuya nesa ba kusa ba. A New York sai an samu yardar maƙabarta, da masu filin kabarin, da miji ko mata, da 'ya'ya manya, da iyaye. Mutum ɗaya ya ƙi, sai kotu, alƙalai kuwa ba sa son a taɓa mamaci sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Idan za a fitar da gawar daga maƙabartar, ana buƙatar sabon izini daga hukumar rajista ko ta lafiya, mai lasisi ya tsaya a kan aikin, sabon wurin kuma ya riga ya amince a rubuce kafin a sa shebur a ƙasa.