Fitilar kicin: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A yawancin gidajen Kaduna, daga sababbin gine-ginen Millennium City har gidajen haya na Kawo da Tudun Wada, kicin ne ɗakin da ake tunawa da fitilarsa a ƙarshe. Falo ya sha silin POP da fitilu kala-kala, kicin kuwa ƙwai guda aka maƙala masa a tsakiyar sili, shi ke nan wai an gama. Babban kuskuren ke nan, sauran duk ƙannensa ne.

Mai girki bango take fuskanta, domin kantar aiki da murhun gas da wurin wanke-wanke duk a jikinsa suke. Fitilar tsakiya kuwa tana bayanta, sai inuwar kai da kafaɗu ta sauka daidai inda wuƙa take aiki. A duba mai tsince tsakuwa a wake ko shinkafar gida bayan magariba: ta karkace gefe, ta ɗaga tire tana juya shi, daga ƙarshe ta ƙwala wa yaro kira ya zo ya haska mata da waya. Ƙara ƙarfin ƙwan ba ya maganin wannan. Abin da ake so haske ya sauko daga gabanta. In akwai kabad a sama, a manna zaren fitilar LED a ƙarƙashinsa, ta bakin gaba, don in an kai shi jikin bango tayil zai riƙa maido da ƙyalli cikin ido. A sa zaren cikin hanyarsa ta alminiyum mai murfi, in ba haka ba tururi zai sassauta gam ɗin ya fara lilo. In babu kabad, doguwar fitila a bango sama da kantar aikin ta wadatar, ko kuma ƙananan fitilun cikin sili a jere daidai bakin kanta, kamar santimita 60 daga bango.

Sai maganar launi, inda 'yan kasuwa suka saba miƙo "fari tas" ga duk wanda ya shigo. A jikin kwali akwai lamba mai harafin K. Mai 6500K fari ne da ya ɗan yi shuɗi, mai 2700K ko 3000K ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, mai 4000K kuma tsaka-tsaki. A ƙarƙashin mai shuɗin nan, musamman na arha, jan tattasai da manja sai su dushe, nama ya yi toka-toka, uwargida ta kasa gane ko jajjagen ya soyu mai ya taso. Ni dai 4000K nake ganin ya fi dacewa da wurin aiki, kuma a daure a sa iri ɗaya a ɗakin, kada nan fari can ja. In kwalin ya rubuta CRI, a nemi 80 zuwa sama, 90 ya fi. Lambar ce ke nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin abu.

Mutane har yanzu da wat suke ciniki, alhali wat wutar da ƙwai ke ci yake nunawa, lumen ne ma'aunin haskensa. LED mai wat 9 na kirki yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Kicin mai mita 3 a 3 yana son lumen 2,700 ko sama, wato irin wannan ƙwai kamar guda huɗu a rarrabe. Ga wanda ke Band A, rukunin da aka fi ba wuta, wanda a Afrilun 2024 kuɗin wutarsa ya haura naira 200 kowane yunit, barin tsohon ƙwai mai zafi a kicin asara ce tsagwaronta.

Ado kuma ba laifi ba ne, amma fitila mai ƙyalƙyali da lunguna ko mai rumfar yadi ba ta kicin ba ce. Maiƙon suya yana tashi ya kwanta a jikinta, hunturu ya zo da ƙurarsa ya manne a kai, kafin watan Fabrairu ta yi danƙo ta rage haske, wankinta kuwa sai an sa tsani. A zaɓi mai santsin jiki, a rufe, wadda tsumma ɗaya zai goge. Kusa da wurin wanke-wanke a nemi mai alamar IP44 ko sama, wadda feshin ruwa ba ya shiga. Mai sha'awar ta ratayawa ya kai ta saman teburin cin abinci, kuma maƙeran Panteka suna iya ƙera rumfar ƙarfe mai kyau in an kai musu hoto.

Wani abin mamaki, maigida zai sa sola da inbata ya ja layi zuwa falo da ɗakin kwana, ya bar kicin a hannun NEPA. Sai azumi ya zo, a tashi girkin sahur cikin duhu. Fitilun kicin duka da ƙyar su kai wat 40, ba su isa su girgiza batir ba, a sa su a layin. Wanda ba shi da inbata ya sa ƙwai mai caji, amma nesa da murhu, don zafi yana kashe batirinsa da wuri. Tunda wutarmu takan zo ba ƙarfi, a duba kwalin da aka rubuta 85 zuwa 265V. Irinsa ba ya kyaftawa in wuta ta yi ƙasa.

Makunni ɗaya ga dukan fitilu shi ma kuskure ne. A raba, na sili daban, na kanta daban, a sa su bakin ƙofa nesa da famfo da jiƙaƙƙen hannu. In an shigo aka ji warin gas, kada a taɓa makunni ko kunnawa ko kashewa, tartsatsinsa yana iya tayar da gobara. A buɗe taga da ƙofa, a rufe tukunyar gas tukuna. Mai gini kuma ya zaunar da mai wayarin da kafinta da uwargida kafin a rufe sili a liƙa tayil, a nuna inda murhu da kabad za su zauna, don fasa POP daga baya ya fi fitilun kansu tsada.