Yadda na kashe fitilar iskar taya bayan na canza wili

Toyota Tacoma nake hawa, 'yar Amurka ta 2014. Ranar da na sa mata sababbin wili huɗu, ban yi nisa ba sai ga fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki. Ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya cak a kunne.

Na fara zuwa wajen mai faci, ya gwada, iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Na danna maɓallin sake saita fitilar da ke ƙarƙashin sitiyari, shiru. Ashe ƙyaftawar ce bayanin. Idan iska ce ta ragu, fitilar kamawa take kai tsaye. Idan ta fara da ƙyaftawa, motar ce ba ta jin na'urorin auna iska da ke cikin taya.

Na'urorin motata suna maƙale da bawul ɗin tsofaffin wili, na baro su a gida! Aka ciro su aka ɗaura a sababbin da sabuwar roba, aka lallaɓa, domin ƙarfen cire taya yana fasa su. Uku suka amsa, ɗaya batirinsa ya mutu, kuma a rufe yake, ba a canzawa.

Wajen sayen sabo na tsaya sai mai aika saƙo ga mota a zangon rediyo na 315 MHz, irin na motocin Amurka, don na Turai 433 ne. Mai gyaran wutar mota ya jona kwamfutarsa a ramin OBD, wato inda ake jona na'urar binciken mota, ya shigar da lambar sabon domin motar ta gane shi. Kafin in kai gida fitilar ta mutu.