Masu shirin tafiya Indiya, ga shawara kan haɗa kaya

Jama'a barkanmu. Duk mai zuwa Indiya asibiti ko karatu, don Allah kar ka cika jaka da shadda mai sitati da manyan riguna, Delhi a watan Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40, in damina ta shigo kuma ga gumi kamar an watsa maka ruwa. Yadi mara nauyi na auduga kala huɗu ko biyar ya isa, can ma auduga araha gare ta sai ka ƙaro. Hajiyoyi ku ɗau hijabi mai shara-shara da takalmi fulat, silifas na roba ma zai yi amfani sosai lokacin ruwa.

Amma fa saka rigar sanyi guda ɗaya, AC ɗin asibitocinsu da jirgin ƙasa ba wasa.

Katin rigakafin shawara, wannan yalo kad ɗin, ka haɗa shi da fasfo a jakar hannu, ana tambayarsa a filin jirgi. Takardun likita da magungunanka da fawa bank su ma nan za su zauna. Soket ɗinsu mai zagayayyen rami ne, cajarmu mai baki uku ba ta shiga, nemi adafta tun daga gida. Ruwa kuwa na gora kawai za ka sha, ka jefa ORS, wato haɗin gishiri da sukari na maganin gudawa, kaɗan a jaka.