Kifi 'Yan Gida Ɗaya, Ruwa Daban: Inda Masu Kiwon Kifin Ado Ke Yin Tuntuɓe

"Wallahi ban taɓa fashin ba shi abinci ba, sai kawai na tashi na tarar ya mutu." Na sha jin wannan ƙorafi a bakin masu ajiye kifin ado a Abuja. Galibi laifin na ruwa ne.

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar cewa kifayen da suka yi kama ruwansu ɗaya. Dubi ƙasar Burazil. Kogin Rio Negro launin shayi ne da ba a zuba wa madara ba, saboda ganyen daji da ke ruɓewa a ciki. A ma'aunin tsami na pH, inda 7 ke tsaka-tsaki kuma raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, bai wuce 4 zuwa 5 ba, ma'adinai kuwa kusan babu. Kogin Solimões kuwa kamar kunu yake, yana kwaso laka daga tsaunukan Andes, pH ɗinsa kusan 7. A birnin Manaus suke haɗuwa, su yi tafiyar kusan kilomita 6 gefe da gefe ba su gauraya ba. Kifin discus na Heckel ɗan Rio Negro ne, shi ya sa ya fi sauran danginsa buƙatar ruwa mai tsami da laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai. Haka ƙaramin kifin nan cardinal tetra, wanda ake yawan rikita shi da neon tetra. Jan layin cardinal ya ratsa tun daga kai har wutsiya, na neon a rabi ya tsaya, kuma cardinal ya fi son ɗumi. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa asalin kifin. In ya fara kame-kame, ka haƙura.

Wasu kuma sai su cika tanki da farin dutse da kwasfar dodon koɗi don kwalliya, ba su san suna kashe tsamin ruwan ba. Wannan kifayen tafkin Malawi zai yi wa daɗi, masu son pH kusan 8, ba tetra ba. Matsa lemun tsami a kan dutsen. In ya yi kumfa, cire shi.

Ruwan famfo na ɗauke da sinadarin kilorin mai cutar da kifi, sai a bar shi a buɗe ya kwana biyu don kilorin ɗin ya fice. Na burtsatse kuma a auna pH da ma'adinansa, don kowace unguwa da nata.

Lokacin hunturu ruwa na saurin ƙafewa, ma'adinai su zauna. In kullum ciko kake yi, taruwa suke. Riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu duk mako kana zuba sabo, amma kada ka sauya shi duka rana ɗaya.