Kurakuran da ke sa maganin tsutsar ciki ya daina ci a jikin awaki da tumaki

Jama'a masu kiwo, da damina ta kankama sai ka ji ana ta ƙorafi wai maganin tsutsa na yanzu ba shi da ƙarfi, an ba akuya bolos amma bayan sati biyu tana nan a rame, gashi a tsaye, ƙasan haɓa a kumbure. Toh wani lokacin jabu ne kam, shi ya sa ake cewa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, tsutsar ce ta fi ƙarfinsa kuma da hannunmu muka taya ta.

Wadda ta fi yi mana ɓarna ita ce Haemonchus contortus, 'yar siririya ce ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba, tana maƙale a tumbin ƙarshe tana zuƙar jini. In an yanka dabba ka buɗe wurin za ka ga matan da zane ja da fari a murɗe. Mace ɗaya tana saka ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, ka ga ko 'yan kaɗan ne suka tsira daga magani ai sun isa su cika fili.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne awo da ido, a kalli rago a ce rabin bolos ya ishe shi, ko a raba kwalba ɗaya wa garke guda don tsimi. Ga abin da ke faruwa a ciki. Tsutsa tana da wasu ƙwayoyin halitta na gado da ke ƙera wani sinadari mai suna P-glycoprotein, aikinsa kamar injin ban ruwa ne, yana zuƙo guba daga cikin jiki yana watsarwa waje. Duk tsutsa tana da shi, bambancin kawai a wasu ƙwayar halittar tana kunnuwa da ƙarfi sai ta ƙera injinan da yawa, kuma masu bincike sun sha ganin hakan a tsutsotsin da maganin ivermectin ya daina kashewa. In ka ba da cikakken awo maganin yakan rinjayi da yawa daga cikinsu, in ka ba da rabi kuwa masu rauni ne kawai za su mutu, masu ƙarfin su rage su auri juna su haifi irinsu. Yadda tsutsa ke gagarar maganin albendazole kuma wata hanyar ce, maganin yana kama wani sinadari ne a jikin tsutsar mai suna beta-tubulin, toh canji ƙwaya ɗaya tak a wasu gurabe na wannan sinadarin ya isa ya sa maganin ya kasa kamawa, kuma gadonsa ake yi. Gyaran shi ne a auna dabba ko da da sikelin buhu ne, in garke ne a ware manya da ƙanana a bi nauyin wadda ta fi nauyi a kowane rukuni, sannan a ɗura can bayan harshe yadda ba za ta furzar ba.

Sannan dan Allah akuya ba tunkiya ba ce. Jikinta yana saurin narkar da magani, shi ya sa likitocin dabbobi kan ninka mata awon albendazole, amma levamisole ba a ninka shi haka don yana saurin zama guba, a tambayi likita. Kuma ba a ba mai sabon ciki albendazole, musamman watan farko.

Wani kuma ya ce ya canza magani alhali kwali kawai ya canza. Albendazole da fenbendazole da oxfendazole 'yan gida ɗaya ne, tsutsar da ta gagari ɗaya ta gagari sauran. Ivermectin da doramectin gidansu ɗaya, levamisole gidansa daban. A riƙa karanta sunan sinadarin da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Akwai kuma masu ɗura wa duk garke kowane wata wai rigakafi, niyyar mai kyau ce wallahi amma wannan ne ya fi saurin kashe magani, domin ba ka bar tsutsa mai jin magani ko ɗaya da za ta gauraya da masu taurin ba. Haka wanda ya ɗura yau ya kora su sabon fili mai tsabta gobe, ƙwan masu taurin kai zalla ya je ya shuka. Wasu ƙasashen sun riga mu ɗanɗana wannan. Thiabendazole ya fito a 1961, zuwa 1964 an ga tsutsar da ba ta jin sa a Amurka. Ivermectin ya fito a 1981, a 1988 aka ba da rahoton haka a Afirka ta Kudu. Monepantel da aka fitar a 2009, shekara huɗu kawai ya yi a New Zealand aka fara ganin ya gaza. A Afirka ta Kudun ne aka ƙirƙiro katin FAMACHA mai launi 5 na gane dabbar da jininta ya yi ƙasa, ka ja fatar idon ƙasa ka gwada launin cikin da na katin, in ja ne sosai ka ƙyale ta, in ya yi fari-fari ita ce mai buƙatar magani. 'Yan ƙanana da masu shayarwa a fi sa musu ido.

Sabuwar dabba daga kara kuma kar a cusa ta garke ranar da ta zo, a ɗaure ta gefe a ba ta magani ta yi 'yan kwanaki, a kwashe kashinta kar ya shiga wurin kiwo. Masu ragunan layya su ma su duba kwanakin da aka rubuta a jikin maganin a jira kafin yanka.

In kana shakkar maganinka, ka kai kashin wasu dabbobin asibitin dabbobi ranar da za ka ɗura, ka sake kaiwa bayan kwana 10 zuwa 14 a ƙirga ƙwan. In raguwar ba ta kai kashi 95 cikin 100 ba alhali awonka daidai ne, toh akwai alamar wannan gidan maganin ya fara gazawa a garkenka, sai ku zauna da likita a ga wanda za a koma.