Yadda za a zaɓa wa tsohon babban kare busasshen abinci

Kun ta tambaya, to ga shi.

1. Fara kai shi wajen likitan dabbobi ya duba ƙoda da haƙora. Karnuka masu girman jiki daga shekara 7 tsufa ya fara.
2. Auna nauyinsa.
3. Juya buhun ka karanta, nama ya zo farko a jerin kayan haɗi.
4. Nemi mai man kifi da sinadarin glucosamine saboda gaɓoɓi, ƙafafun baya ne ke fara gajiya.
5. In ya yi ƙiba ɗauki mara maiƙo sosai.
6. Sayi ƙaramin buhu tukuna.

Hattara, kar ka canza lokaci guda, zawo zai yi! Cakuɗa sabon da tsohon abincinsa kaɗan-kaɗan har kwana 7 zuwa 10.

7. Raba abincin safe da yamma, kuma don Allah banda guje-guje bayan ci, cikin karnuka masu girman jiki na iya murɗewa.