Kwamfutar kallo a falo: abin da za ka saya idan aljihu ba nauyi

Duk wanda ya same ni a nan Gombe da maganar haɗa kwamfutar da za ta zauna ƙarƙashin talabijin, abin da nake fara ce masa shi ne ya cire katin girafik, wato katin da ake ƙara wa kwamfuta don sarrafa hoto, daga lissafi. Kallon fim ba buga gem ba ne. Firosesa na da nasa sashen da ke buɗe bidiyo, a na Intel sunansa Quick Sync, kuma shi kaɗai ya isa. Kuɗin katin gara ya tafi wajen batir ko lasifika.

Inda ake cutuwa shi ne wajen firosesan kansa. Ka shiga shago, mai kaya ya ɗaga maka akwati ya ce, "Yallaɓai, i7 ce fa." Kada sunan ya ruɗe ka. Ka ce ya kunna, ka karanta lambar da ke bayan ɗan layin da ke cikin sunan firosesan. Idan ka ga i7-3770, lamba 3 ta farko na nufin zubi na 3 ne, na 2012, kuma bai san tsarin HEVC ba, wanda da shi ake matse yawancin finafinan 4K yanzu. Zai yi ta fama da ƙarfin tsiya, hoto na tsinkewa, fanka na gurnani. Ƙaramin i3 na zubi na 7, wanda ya fito a 2017, zai buɗe fim ɗin nan ko gumi bai yi ba. Ni dai ba na sauka ƙasa da zubi na 7. Idan Windows 11 kake so, to sai zubi na 8 zuwa sama, domin shi Microsoft ta amince da shi, kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Akwai kuma harafin ƙarshe. Mai T, kamar i5-8500T, an ƙera shi kan wat 35, saɓanin 65 na ɗan'uwansa marar harafi. A garin da ake iya ɗauke wuta ana tsakiyar wasan ƙwallo, a koma kan inbata ko sola, wannan harafin ya fi mini i7 daraja.

Shi ya sa ma na fi tura mutane ga ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Girmansu bai wuce kwalin sukari biyu a jere ba, sun zo da bod, akwati da cajarsu, kai kawai ka ƙara abin da babu. Idan ba a samu a gari ba, masu shago kan sa a turo daga Kano ko Ikeja, sai dai ka yi ciniki a kan sai ka gwada kafin ka cika kuɗi. Mai son sabuwa dal kuma ya nemi ƙaramar kwamfuta mai Intel N100 na 2023. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, kuma tana buɗe AV1, tsarin da YouTube ke ƙara amfani da shi. Wanda ya dage sai ya haɗa da hannunsa, firosesan AMD Ryzen 5 5600G a kan bod mai B450 ko B550 zai yi, amma ya tabbatar an sabunta BIOS ɗin B450, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, ya kuma sani cewa firosesan ba shi da AV1.

Juya kwamfutar ka dubi bayanta da kyau. Da yawa daga cikin na ofis ɗin nan ramin DisplayPort gare su, babu na HDMI da ake jona talabijin, wasu kuma HDMI ɗin nasu 1.4 ne, wanda a 4K ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa. Fim zai tafi, amma ƙwallo da motsin linzami sai ka ga suna jan ƙafa. Don samun 60 kana buƙatar HDMI 2.0, ko 'yar mahaɗar da ke juya DisplayPort zuwa HDMI 2.0, wadda aka rubuta 4K 60Hz a jikinta. In talabijin ɗinka 1080 ce, duk wannan bai shafe ka ba.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 8 ya wadatar, kuma sanda biyu masu 4 sun fi guda mai 8, tunda hoton daga nan yake aron wuri. SSD, wato ma'ajiya mai sauri, mai gigabait 256 don manhaja. Finafinai, tafsirin azumi da bidiyon bukukuwan gida su zauna a hadis na waje mai terabait 1 ko 2. Kada ka raina shi: Netflix da kanta ta ce 4K kan sha har gigabait 7 a awa guda, ka lissafa da kuɗin data.

Hadis kam ba na sayen na hannu sai na duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo a gaban mai shi. In ya nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi, na ajiye masa kayansa.

Ga manhajar kunna finafinai, Kodi kyauta ce. Idan kallo ne kawai, ɗora LibreELEC a madadin Windows, tana kunnawa sai cikin Kodi, yara da iyaye ba sa ɓata hanya. Ka haɗa da rimot mai ɗan kibod a bayansa, ko ka sa Kore, manhajar rimot ta Kodi, a wayarka. Sauti kuma ya bi HDMI zuwa talabijin, daga can ya wuce lasifika ta ramin da aka rubuta ARC.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Kada ka kulle ta cikin durowar gilashi, zafin Maris da Afrilu zai dafa ta. Ka bar mata sarari ta baya, kuma idan hunturu ya wuce ka kwance murfin, dunƙule ɗaya ne a yawancinsu, ka hure ƙurar da ta toshe fankar.